Ture-ƙasa nawa ne ke fitar da kurtu? Fashin baƙin ƙa'idar gwajin ƙarfi ta sojan ƙasa na Amurka

A tsohon gwajin ƙarfin jiki na sojan ƙasa na Amurka, idan kurtu ya yi ture-ƙasa wanda bai cika ƙa'ida ba, mai ƙirga lambar da ya faɗa ta ƙarshe kawai zai maimaita. Talatin da huɗu. Talatin da huɗu. Talatin da huɗu. Yaro yana sauka yana tashi, gumi na ɗiga, damtse na karkarwa, lissafi kuwa yana nan inda ya bar shi. An sauya gwajin sau biyu tun daga wancan lokaci, amma wannan hali yana nan: wanda ya cika ƙa'ida shi ake ƙirgawa, sauran wahalar banza ce.

Abin da nake kira ture-ƙasa shi ne motsa jikin nan da samari ke ce wa firesof, inda mutum zai kifa ciki, ya dafa ƙasa da tafin hannu biyu, ya ɗaga jikinsa a miƙe sannan ya sauko. Kowa ya san shi, kowa kuma yana ganin ya iya, kuma daga nan matsalar take farawa.

Daga 1980 har zuwa 2020, gwajin da rundunar ke amfani da shi sunansa APFT, kuma abu uku ne kacal: ture-ƙasa na minti biyu, tashi daga kwance na minti biyu, sai gudun mil biyu, wato kilomita 3.2. Namiji ɗan shekara 17 zuwa 21 yana bukatar 42 ya samu maki 60 na tsira, mace mai waɗannan shekaru 19. Kurata an yi musu sassauci: maki 50 ya isa a yaye su daga horon farko, wato 35 ga namiji, 13 ga mace. Na kawo waɗannan lambobi ne don har yau suna yawo a bakin mutane, wani ya ji daga kawunsa da ya yi soja, wani ya gani a tsohon rubutu. Sun daina aiki.

A Oktoban 2020 aka kawo sabon gwaji mai suna ACFT, mai rukuni shida. Ya sha suka, har majalisar dokokin ƙasar ta sa aka dakata da hukunta soja da shi sai an yi bincike mai zaman kansa. Cibiyar RAND ta yi binciken, aka gyara gwajin a 2022, aka mayar da maki bisa shekaru da jinsi. Sannan ranar 1 ga Yuni 2025 aka sake masa suna zuwa AFT, aka cire jifan ƙwallo mai nauyi ta bayan kai, saura biyar. Ana fara da ɗaga ƙarfe daga ƙasa sau uku, sai ture-ƙasa, sai wani zagaye na gudu da jan kaya mai kilo kusan 41 da ɗaukar ƙarafa biyu masu kilo 18 kowanne, sai sandarewa a kan gwiwar hannu, a rufe da gudun mil biyu. Duk a zama ɗaya. Lura da inda ture-ƙasa ya faɗo: bayan ka gama kokawa da ƙarfe, kuma da sauran aiki uku a gabanka.

Ture-ƙasan yanzu ba irin wanda aka saba ba ne. Nasa akwai sakin hannu, kuma a nan ya kamata mai shiri ya fi tsayawa, don kowane motsi a rubuce yake.

Za ka fara ne a kwance rub da ciki, ƙirji da ƙugu da cinyoyi suna taɓa ƙasa, yatsun ƙafa a dafe. Ƙafafun a haɗe, ko a ware da abin da bai wuce faɗin takalmin soja ɗaya ba. Hannu kuma ba a yarda ka baje shi can gefe ba: yatsan manuni dole ya kasance daga cikin gefen kafaɗa. Wanda ya saba ware hannu sosai don ya rage nisan da jikinsa zai sauka, wannan dabara ta ƙare. Idan an ba da umarni, sai ka ture ƙasa har gwiwar hannu ta miƙe sarai, jikinka daga kai zuwa idon sawu ya tashi tare kamar katako. Sai ka sauko, ƙirji da ƙugu da cinya su taɓa ƙasa lokaci guda. Sai ka miƙa hannuwa biyu gefe da gefe har su buɗe gaba ɗaya, kamar harafin T. Sai ka mayar da su ƙarƙashin kafaɗa. A wannan motsi na huɗu ne mai ƙirga zai ce ɗaya.

Abin da ya fi cinye wa mutane lissafi shi ne tashi irin na maciji, ƙirji ya riga tashi, ƙugu ya biyo baya. Da gajiya ta shigo, jiki da kansa yake neman wannan hanya, mutum bai ma san yana yi ba. Sai rashin miƙe gwiwar hannu a sama, da rashin buɗe hannu sosai a ƙasa saboda sauri. Waɗannan duk asarar guda ɗaya ce, a ci gaba.

Akwai kuma laifin da ke tsayar da gwajin ɗungurungum, a rubuta maka abin da ka samu kafin nan. Babbansu hutawa a ƙasa. Da yake kowane zagaye yana kai ka kwance, zuciya za ta ce ka ɗan numfasa a nan, ai ba wanda zai lura. Za a lura. Hutu ɗaya tak aka yarda da shi, shi ne a sama, hannu a miƙe, jiki a miƙe. A tsohon gwaji ana barin mutum ya ɗaga ƙugu sama ko ya saki ciki ya huta. Yanzu idan kana wurin hutun ka lanƙwasa, ko ka ɗaga hannu ko ƙafa daga ƙasa, shi ke nan. Wanda ya taɓa tsayawa a haka bayan ya yi ashirin ya san hutun suna ne kawai.

Me ya sa suka ɗora wa kansu wannan tsari? Dalili na fili shi ne adalci wajen ƙirga. A da ƙa'idar ita ce mutum ya sauka har damtsensa ya yi daidai da shimfiɗar ƙasa, kuma wannan ido ne ke yanke shi. Wani saje mai tsanani ne, wani mai sauƙin kai, gardama ba ta ƙarewa. Yanzu ƙirji ko ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba. Sakin hannun kuma yana kashe ɗan tsallen da tsoka ke yi idan an sauka da sauri an tashi, don haka kowane ɗaya daga tushe ake faro shi. Rundunar tana danganta motsin da aikin fagen fama: tashi daga ƙasa da sauri, ture abokin gaba, tura motar da ta mutu, miƙa hannu daga kwance. Ni dai a ganina dalilin ƙirgar ya fi ƙarfi, amma duka biyun suna da kan gado.

To nawa ake bukata? Kowane rukuni maki 100 ne, jimla 500, kuma dole a samu aƙalla 60 a kowanne. Ka cinye huɗu da maki ɗari-ɗari ka samu 59 a na biyar, ka faɗi. A ture-ƙasa, ga 'yan shekara 17 zuwa 21, maki 60 yana nufin 15 ga namiji, 11 ga mace, cikin minti biyu. A zamanin ACFT 10 ne ga kowa. Maki 100 kuwa ga namiji mai waɗannan shekaru yana bukatar 58.

Wanda ya san 42 na da zai ce ai an mayar da abin wasan yara. Sha biyar cikin daƙiƙa 120, guda ɗaya ke nan duk daƙiƙa takwas. Gaskiya ne, ƙofar tsira ba ta da tsawo. Amma akwai inda gizo ke saƙa. Ma'auni biyu ne a sabon tsarin. Na gama-gari, na masu aikin ofis da direbobi da makanikai da ma'aikatan lafiya da makamantansu, jimlar 300 yake nema, wato 60 sau biyar, bisa shekaru da jinsi. Na biyu na sana'o'in yaƙi ne, guda 21 lokacin da aka fito da tsarin a 2025, irin su dakarun ƙafa da 'yan atilare da masu tankoki da injiniyoyin fagen daga da dakaru na musamman. Su jimlar 350 ake nema, kuma mace da namiji tebur ɗaya ake duba musu, shekaru kawai ake la'akari da su. An sa 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar da wannan ma'auni zai fara aiki kan sojojin dindindin, 1 ga Yuni 2026 kuma kan na ko-ta-kwana. Raba 350 gida biyar, 70 ke nan. Ma'ana wanda ya tsaya a kan mafi ƙarancin maki a kowane rukuni, ya ci kowanne amma ya faɗi jimla da maki 50. Dole wani rukuni ya biya bashin wani, kuma ture-ƙasa yana cikin mafi arha wajen tara rarar maki, tunda ba ya bukatar ƙarfe ko fili, ƙasa kawai da naci.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: kafin a tura kurtu horo, gwajin da ake yi masa a hannun mai ɗaukar soja, wanda ake kira OPAT tun 2017, babu ture-ƙasa a cikinsa. Tsalle ne daga tsaye, jifan ƙwallo daga zaune, ɗaga ƙarfe, da gudun kai-da-komo. Don haka mutum yana iya isa Fort Jackson a Karolina ta Kudu, ko Fort Sill a Oklahoma, ko Fort Leonard Wood a Misuri, ko Fort Benning a Jojiya, ba tare da kowa ya taɓa duba ture-ƙasansa ba. Horon farko mako goma ne, kuma sai ya ci AFT kafin ya kammala horon shiga aiki. Wanda ya gaza ana ƙara masa atisaye a sake gwada shi, ana iya mayar da shi baya cikin wani ayari, idan abin ya ƙi ci a sallame shi. Bayan ya zama soja ma ba a rabu ba: na dindindin sau biyu a shekara yake yin gwajin, faɗuwa tana tsayar da ƙarin girma da lambar yabo, faɗuwa biyu a jere kuma tana buɗe takardar sallama.

Mako goma yana ƙara wa mutum ƙarfi, amma cikin rashin barci da gudu da tafiya da kaya, ga ture-ƙasan horo da saje zai riƙa sa ku saboda laifin mutum ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin kuwa ƙa'idar ce ke tsara shi. A ture-ƙasa na sosai, hannu yana ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jiki. A kan gwiwa, kusan rabi. Wanda bai iya biyar masu tsabta ba, gara ya dafa wani abu mai tudu, benci ko dakali ko matakala, ya yi a haka jikinsa a miƙe, yana rage tudun mako bayan mako. Na fi son wannan a kan na gwiwa, domin yana koya wa ciki da ƙugu su riƙe jiki a sandare, kuma shi ne ainihin abin da mai ƙirga ke kallo. A haɗa da saukowa a hankali, daƙiƙa uku zuwa biyar daga sama zuwa ƙasa, don tsoka ta fi jure sauke nauyi a kan ɗaga shi, ta nan ake samun ƙarfin farko.

Wanda ya kai goma ko sha biyar, kada ya riƙa ƙure kansa kullum. Ya auna iyakarsa, ya riƙa yin kamar rabinta sau huɗu ko biyar da ɗan hutu a tsakani, kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakaninsu. Sau ɗaya a mako ko mako biyu, ya sa agogo minti biyu, ya samu aboki marar kunya ya ƙirga masa, ko ya jingine waya ta ɗauke shi daga gefe. Hoton nan ba ya ƙarya. Da yawa sai sun gani suke yarda ƙugunsu na makara. Kuma tun ranar farko a yi shi da sakin hannu, hannu a ƙarƙashin kafaɗa. Matse hannu yana mayar da aikin kan tsokar bayan damtse, buɗe shi a ƙasa kuma yana gajiyar da bayan kafaɗa, wurin da mai firesof na gargajiya bai taɓa wahalar ba. Shi ya sa mai yin hamsin a ɗaki yake iya tsayawa tun kafin ya kai talatin.

Sai sauri. Don samun 58, kusan ɗaya ke nan duk daƙiƙa biyu ba tsayawa. Yawancin mutane sun fi samun lamba idan sun kama taki ɗaya suka riƙe, maimakon su zuba ashirin cikin rabin minti sannan su maƙale a sama suna haki, ga shi babu halin kwanciya.

Gargaɗi ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Wanda bai saba ba ya tashi rana ɗaya ya yi ɗaruruwa, musamman cikin zafi da ƙarancin ruwa, tsokarsa tana iya farfashewa ta zuba cikin jini ta taɓa ƙoda. Alamarsa kumburin damtse, ciwo da ya wuce misali, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na jira a gani ba. Ciwon kafaɗa mai suka, wanda ba na gajiya ba, shi ma dalilin tsayawa ne.

Waɗannan lambobi na sojan ƙasa na Amurka ne kaɗai. Sojan ruwansu ture-ƙasa na gargajiya suke yi, kundumbalarsu kuwa, wato Marine, sun fi ba jan jiki a kan sanda daraja, wanda ya zaɓi ture-ƙasa a madadinsa ba zai wuce maki 70 ba komai yawan da ya yi. Mai shirin Defot na Zariya, inda ake horar da kuratan sojan Najeriya, shi ma kada ya ɗauki wannan tebur ya ce nasa ne, kowace runduna da ma'auninta. Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka, ƙofar a buɗe take ga ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin. Rundunar ba ta ɗaukar mutum daga ƙasar waje, ba ta nema wa kowa biza, don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka daga Kano ko Yamai ko Kumasi, ɗan damfara ne.