Tambayoyi da Amsoshi Kan Miƙa Tsoka Domin Laushin Gaɓoɓi

Shin miƙa iri ɗaya ce?

A'a, kuma kowane iri da lokacinsa. Akwai miƙar tsaye, inda mutum zai ja tsoka har ya ji ta ɗaure, sannan ya tsaya a haka ba tare da motsi ba. Akwai miƙar motsi, kamar wurga ƙafa gaba da baya ko juya kafaɗu, wadda ake yi a hankali ana ƙara faɗin motsin. Ta uku ita ce PNF, wadda likita Herman Kabat da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Amurka a shekarun 1940 domin masu fama da shan inna: ana miƙa tsokar, a ɗaure ta da ƙarfi na wasu daƙiƙu yayin da wani ya tokare gaɓar, sannan a saki a ƙara miƙawa.

Tsawon wane lokaci ya kamata a riƙe miƙa?

Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka tana ba da shawarar daƙiƙa 10 zuwa 30 ga yawancin manya, da daƙiƙa 30 zuwa 60 ga tsofaffi, a maimaita har kowace tsoka ta samu kimanin minti ɗaya, aƙalla kwana biyu ko uku a mako. Tela ko direban da ke wuni a zaune ya fi buƙatar kula da bayan cinya da gaban ƙugu, domin su ne zaman ke sandararwa.

Me ya sa ake hana miƙa da fizga?

A cikin tsoka akwai ƙananan jijiyoyi masu lura da saurin ja, kuma idan aka fizge ta sai su umarce ta da ta tsuke domin kare kanta, abin da ke hana miƙar yin aiki, har ma yana iya jawo yagewa. Wannan ne dalilin da ya sa zafi ba alamar ci gaba ba ne. Ɗaurewa mai sauƙi ake nema, numfashi yana tafiya daidai. Ribar makonnin farko ma yawancinta daga sabon da jijiyoyi ke yi da jan take zuwa, shi ya sa take gushewa idan aka daina.

Kafin wasa ake yi ko bayansa?

A nan ne 'yan ƙwallon unguwa suka fi kuskure, musamman da sanyin safiyar hunturu. Kafin wasa, a fara ɗumama jiki da sassarfa na minti 5 zuwa 10, a biyo da miƙar motsi. Doguwar miƙar tsaye, wadda ta haura minti ɗaya, tana iya rage ƙarfin gudu da tsalle na ɗan lokaci, don haka a bar ta zuwa bayan wasa.

Tana hana tsamin jiki?

Bincike bai nuna tana rage tsamin da ke biyo bayan motsa jiki ba, sai dai kaɗan ƙwarai.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mai sabon targaɗe, karaya ko gocewar ƙashi, da wanda aka yi wa tiyata, da mai juna biyu wadda gaɓoɓinta suka riga suka yi laushi, duk su fara ganin likita ko ma'aikacin sashen gashin ƙashi na asibiti.