Ayyukan Bayan Darasi a Gundumar Makarantun Los Angeles

Ayyukan bayan darasi su ne duk abin da ɗalibi ke yi ƙarƙashin kulawar makaranta wanda ba ya cikin jadawalin aji: wasanni, kiɗa, gasar ilimi, ƙungiyoyin ɗalibai, zangon daji, da zaman jinga na yamma. A gundumar makarantun gwamnati ta Los Angeles da ke jihar Kalifoniya, wadda aka fi sani da LAUSD, waɗannan ayyuka sun girma har sun zama tamkar wata makaranta ta biyu, mai ma'aikatanta da kasafin kuɗinta, wadda ke buɗewa daidai lokacin da aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Gundumar

A Amurka, gundumar makarantu hukuma ce mai cin gashin kanta. Ba magajin gari ne ke tafiyar da ta Los Angeles ba. Majalisa ce ta mutum bakwai da jama'a ke zaɓa, su kuma su ɗauki babban jami'in da zai riƙe ragamar aiki. An kafa LAUSD a siffarta ta yanzu a 1961, lokacin da aka haɗe gundumar firamare da ta sakandare ta birnin. Faɗinta ya kai murabba'in mil 710, ya haɗa da birnin kansa da wasu ƙananan garuruwa na kewaye, kuma bayan ta New York babu wadda ta kai ta yawan ɗalibai a ƙasar. A farkon shekarun 2000 ɗalibanta sun haura dubu 700, amma adadin ya yi ta raguwa har ya sauko zuwa wajen dubu 400. Kusan kashi uku cikin huɗu 'yan asalin Latin Amurka ne, kuma mafi yawansu daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi suka fito. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya, domin iyayen da ke aiki har magariba ba su da halin biyan malamin piyano ko kuɗin kulob na ƙwallo.

Daga uku na rana zuwa shida

A shekarun 1980 unguwanni da dama na Los Angeles sun sha fama da ƙungiyoyin 'yan daba da hodar iblis. Yaro ya tashi daga makaranta wajen ƙarfe uku, gida ba kowa, titi kuma ba amana. A 1988 magajin gari Tom Bradley ya kafa shirin LA's BEST, haɗin gwiwa tsakanin ofishinsa da gundumar da 'yan kasuwa masu bayar da gudummawa. Da makarantun firamare goma aka fara. Daga baya ya bazu zuwa kusan 200. Tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya: yaro ya zauna a harabar makarantarsa har ƙarfe shida, a ba shi abin taɓawa, a taimaka masa da jinga, sannan a shiga wasa ko zane ko rawa ko gwajin kimiyya. Ba a biyan ko sisi. Da yawa daga cikin masu kula da yaran matasa ne na unguwar, wasu ɗaliban jami'a, kuma wannan ya sa yara ke sakin jiki da su fiye da yadda suke yi da malamin aji.

Ita ma gundumar tana da nata reshe mai suna Beyond the Bell, wato abin da ke bayan ƙararrawa. Shi ke kula da filayen wasa na yamma, shirin safe ga yaran da iyayensu ke fita da asuba, karatun hutun bazara, da kwangilolin ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke aiki a cikin makarantu.

Inda kuɗin ke fitowa

Tarihin waɗannan ayyuka a Kalifoniya tarihin ƙuri'ar raba-gardama ne, domin a jihar jama'a na iya kafa doka kai tsaye da ƙuri'arsu. A 1978 suka amince da Ƙuduri na 13, wanda ya taƙaita harajin gidaje da filaye zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsu. Da wannan haraji makarantu suka dogara, don haka da aljihu ya motse, abin da ake gani ƙari ne aka fara yankewa: kiɗa, zane, karatun bazara. An daɗe ana ɗanɗana kuɗar wannan.

A 2002 akalar ta ɗan juya. Arnold Schwarzenegger, kafin ya zama gwamna, ya jagoranci Ƙuduri na 49, wanda ya ware dala miliyan 550 duk shekara domin shirye-shiryen yamma a firamare da ƙaramar sakandare. Kuɗin bai fara fita ba sai a 2006. Sharuɗɗansa a fili suke: a buɗe kowace ranar makaranta har ƙarfe shida, aƙalla awa 15 a mako, kuma kada babba ɗaya ya riƙe yara fiye da 20. Gwamnatin tarayya ma na zuba nata ta wani asusu na cibiyoyin koyo na al'umma da aka fara a shekarun 1990. Bayan annobar korona, a 2021, jihar ta ƙaro wani babban shiri da ya wajabta wa gundumomi su samar wa yaran firamare yini na awa tara, idan an haɗa aji da ayyukan yamma, da ƙarin kwana 30 a lokutan hutu. Sai kuma Ƙuduri na 28 a 2022, wanda ke ba koyar da kiɗa da zane da wasan kwaikwayo kusan dala biliyan ɗaya a shekara a faɗin jihar. Austin Beutner, tsohon shugaban LAUSD, shi ne ya tsaya kai da fata har ƙudurin ya samu shiga, kuma shi ne a 2025 ya maka gundumar a kotu bisa zargin ta yi amfani da sabon kuɗin wajen toshe gurbin tsohon maimakon ƙara malamai. Gundumar ta musanta.

Akwai wani rafi kuma da ba na gwamnati ba. Gasar Olamfik ta 1984 da aka yi a birnin ta bar rarar kuɗi, aka kafa gidauniyar LA84 da wani kaso nata, kuma gidauniyar ta daɗe tana ɗaukar nauyin wasannin ƙananan sakandare na gundumar.

Haramcin karɓar kuɗi

A jihohi da yawa na Amurka ɗalibi sai ya biya kafin ya shiga ƙungiyar ƙwallo ko ta kiɗa. A Kalifoniya haramun ne. Asalin wannan shari'a ce da ake kira Hartzell da Connell, wadda Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 1984. Wata gunduma a Santa Barbara ce ta sanya dala 25 a kan kowane aiki bayan kuɗinta ya ragu. Kotu ta ce wasanni da kiɗa da wasan kwaikwayo ɓangare ne na ilimi, tsarin mulkin jiha kuwa ya ce ilimin gwamnati kyauta ne. Ta ƙara da cewa yafe wa talaka kuɗin bai wadatar ba, domin tilasta masa neman yafiyar ma ƙasƙanci ne. Duk da haka makarantu sun ci gaba da karɓa ta bayan fage, da sunan kuɗin riga ko na mota, har sai da aka sake kai ƙara a 2010, aka yi dokar 2012 da ta buɗe wa iyaye hanyar kai koke.

Doka ta hana tilastawa, ba ta hana kyauta ba, kuma ta nan bambancin ke sake shigowa. Ƙungiyar iyaye a unguwar masu hali na iya tara abin da zai sayi sabbin kayan kiɗa da hayar ƙarin koci, ta unguwar talakawa kuwa sai dai sayar da cakulan da wankin mota ranar Asabar.

Gasar fannoni goma

Idan akwai abin da gundumar ta yi fice a kansa a ƙasa baki ɗaya, to gasar ilimi ce mai suna Academic Decathlon. Robert Peterson, shugaban ilimi na yankin Orange da ke makwabtaka, shi ya ƙirƙiro ta a 1968, ta zama ta ƙasa a farkon shekarun 1980. Fannoni goma ne: lissafi, kimiyya, tattalin arziki, adabi, kiɗa, fasahar zane, ilimin zamantakewa, rubutun insha'i, jawabi, da amsa tambayoyin baki. Kowace shekara akan zaɓi jigo ɗaya, ƙasa ko wani zamani na tarihi, a gina yawancin fannonin a kansa.

Abin sha'awa a tsarinta shi ne yadda ake haɗa tawaga. Mutum tara ne: uku masu maki mafi girma, uku matsakaita, uku daga waɗanda makinsu bai taka kara ya karya ba. Makin kowane rukuni na shiga lissafi, saboda haka makaranta ba za ta yi nasara da haziƙanta kaɗai ba. Wannan ya sa masu horarwa ke bin aji-aji suna neman yaron nan mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya ƙi jinin jinga, wanda malamai suka riga suka sallama. Sau da yawa a kansa kofi ke rataye.

Makarantar Marshall ce ta fara kawo wa gundumar kambin ƙasa a 1987, ta sake a 1995. Taft ta ci a 1989 da 1994 da 2006. El Camino Real ta fara a 1998 ta ci gaba da ɗauka a kai a kai, Granada Hills kuma ta lashe sau uku a jere daga 2011 zuwa 2013, ta ƙara wasu bayan nan. Waɗannan biyun na ƙarshe yanzu makarantu ne masu 'yancin gudanar da kansu bisa lasisin gundumar, shi ya sa akan yi gardama kan ko nasarar ta LAUSD ce. Farashin ba ƙarami ba ne: idan gasa ta matso, 'yan tawaga kan kai dare a makaranta, har da ranakun hutu.

Kusa da wannan akwai labarin Jaime Escalante, malamin lissafi ɗan asalin Bolibiya a makarantar Garfield da ke gabashin birnin. Da darussan safe da na yamma da na Asabar ya shirya 'ya'yan baƙin haure ga jarrabawar lissafi mai matakin jami'a. A 1982 ɗalibansa 18 suka ci. Hukumar jarrabawa ta yi shakkar sakamakon 14, 12 suka sake zama, dukansu suka sake ci.

Wasanni da badujala

Manyan sakandaren gundumar na fafatawa a sashen birni na hukumar wasannin makarantun Kalifoniya: ƙwallon ƙafa iri biyu, na Amurka da wanda duniya ta sani, ƙwallon kwando, ninƙaya, guje-guje da tsalle-tsalle. Florence Griffith Joyner, mai riƙe da tarihin gudun mita 100 da 200 na mata tun 1988, a makarantar Jordan ta unguwar Watts ta yi karatu. Wasan da ya fi tara jama'a shi ne karawar shekara-shekara tsakanin Garfield da Roosevelt, wadda ta samo asali tun shekarun 1920. Tsofaffin ɗalibai kan zo da jikokinsu. Dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati ita ce ta buɗe wa 'yan mata fili.

Shiga wasa na da sharaɗi. Tun farkon shekarun 1980, bisa shawarar 'yar majalisar gundumar Rita Walters, sai ɗalibi ya riƙe matsakaicin maki kafin ya sa rigar makaranta. An yi ta ce-ce-ku-ce a lokacin, wasu na cewa an kori yaran da ƙwallo kaɗai ke riƙe su a makaranta, amma ƙa'idar ta zauna, jihar ma ta ɗauka.

A ɓangaren kiɗa, ana tsamo ɗalibai sama da 300 daga sakandare daban-daban a haɗa babbar badujala ta gunduma, wadda tun 1973 take fita faretin furanni na Pasadena a farkon kowace shekara. Tafiyar ta kusa kilomita tara, ana busa ana taku, don haka atisayen nasu har da hawan tudu. A makarantun gabashin birnin kuma akwai ƙungiyoyin mariyaci, kiɗan gargajiyar Meziko na goge da kakaki da jita.

Daji, teku da makarantun fanni

Gundumar na da sansanonin koyo a waje da aji, ciki har da Clear Creek a cikin duwatsun dajin Angeles, da Point Fermin a bakin teku a San Pedro. Yaran firamare kan kwana a can suna nazarin tsirrai da taurari da halittun ruwa, kuma ga da yawansu karon farko ke nan da suka kwana a wajen unguwarsu.

Makarantun fanni na musamman kuwa daga umarnin kotu suka samo asali. An fara su a ƙarshen shekarun 1970 domin cakuɗa ɗalibai na launin fata daban-daban ba tare da tilas ba: a ƙawata makaranta da fannin likitanci ko kiɗa ko injiniya, iyaye su kawo 'ya'yansu da kansu daga nesa. Makarantun Bravo da King/Drew na koyar da share fagen aikin lafiya, ɗalibansu na zuwa asibitocin da ke kusa domin ganin aiki. Ana samun gurbi ta hanyar cike takarda da tsarin tara maki, kuma a waɗanda suka yi suna masu jira sun fi kujeru yawa.