Tallafin Kuɗi ga Gidajen Raino da Makarantun Nazare: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Tun da na yi ritaya daga aikin koyarwa na koma taya masu ƙananan makarantu a Zariya haɗa takardunsu, da wuya rana ta faɗi ba a yi mini sallama da tambayoyi iri ɗaya ba. Na rubuta su a nan domin duk mai niyyar zuwa gobe ya fara karantawa tukuna.

Tambaya: An turo mini saƙo ta WhatsApp cewa UNICEF tana raba miliyoyi ga masu makarantun yara, amma sai na biya kuɗin fom. In biya?

Amsa: Kada ki biya ko sisin kwabo, Hajiya, kuma kada ki ba kowa lambar BVN ɗinki. UNICEF tana aiki ne ta hannun gwamnati da ƙungiyoyin da ta tantance, ba ta sayar da fom. Abin takaicin shi ne, yawanci sai an riga an tura kuɗin ake zuwa neman shawarata.

Tambaya: Ana mayar da tallafi?

Amsa: Ba a mayarwa, rance ake mayarwa. Sai dai tallafi ba gudummawar biki ba ne, duk abin da aka kashe sai an nuna rasit.

Tambaya: Gwamnati tana ware wani abu domin yaran da ba su isa shiga firamare ba?

Amsa: Tana warewa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kuma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye nata kason daidai da na tarayya, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta aiwatar da ayyukan. Wani ɓangare na kuɗin ne ake ware wa azuzuwan share fage da ke cikin makarantun firamare na gwamnati. Makarantar kuɗi ba ta ciki, Malam, ko da kai ne ka fi kowa rangwame a Tudun Wada. Idan ajin yara na makarantar unguwarku kuke son a gyara, ku bi ta kwamitin kula da makaranta na al'umma zuwa ofishin Sakataren Ilimi, kuma mutanen Samaru su tuna cewa ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari suke, kada su ɗauki takarda su nufi cikin birni.

Tambaya: Gidan rainona a cikin gidana yake, na yi masa rajistar sunan kasuwanci. In mayar da shi ƙungiya domin in samu tallafi?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ba na son a gaggauta ni a kanta. Gaskiya ne yawancin masu bayar da tallafi suna neman ƙungiyar da ba ta neman riba. Ofishin Jakadancin Japan, alal misali, yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma irin su gina azuzuwa, amma ba ya bai wa mutum ɗaya ko ɗan kasuwa. Saboda haka rajistar ƙungiya mai amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tsara, tana iya buɗe miki ƙofa. Amma ki san abin da kike shiga. Daga ranar da aka yi rajistar, dukiyar ƙungiya ba taki ba ce, ta ƙungiya ce, kuma doka ba ta yarda a raba riba ba. Za ki buƙaci asusun banki da sunan ƙungiyar, da lambar haraji, da takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda bankuna kan nema, ga kuma rahoton shekara-shekara da dole a miƙa.

Sai batun fili, wanda shi ne ya fi kayar da mata. Idan gidan na maigida ne, ko na gado ne da ba a raba ba, da wuya wani ya zuba kuɗin gini a kansa, domin gobe magada suna iya cewa a tashi. Na ga wata baiwar Allah da ta kai har matakin ziyarar gani da ido, baƙin suka zauna a kan tabarma a tsakar gida suna yaba tsaftar wurin, da suka nemi takardar fili sai magana ta mutu a nan.

Idan da kuɗin rainon kike cefane, ina ganin ki bar shi a matsayin kasuwanci, ki nemi rance mai sauƙi ko ki shiga adashi. Idan kuma marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi yawa a wurinki, kuma akwai dattawan unguwa masu amana da za su tsaya, to ƙungiya tana iya dacewa. Wasu suna riƙe duka biyun, amma sai an raba littafin kuɗi da asusu, kuma ban cika ganin wanda ya iya hakan ba tare da akawu ba. Ki ga lauya kafin ki sa hannu a komai.

Tambaya: Jarirai goma sha takwas ne a wurina, ni da ƙanwata. Ya isa?

Amsa: A takarda kun tsallake da kyar, domin manufar ilimi ta ƙasa ta ce mai raino ɗaya ga jarirai 10. A zahiri kuwa, idan ɗayarku ta shiga kicin dama kunu, wa ke kallon sauran? Ki ƙara mutum, ki ajiye kwafin katin rigakafin kowane yaro da rajistar zuwa da tafiya. Kada ki ji kunyar ƙanƙantar wurin, tsafta da rubutaccen lissafi ake dubawa.

Tambaya: Ba ni da takardar koyarwa, zai hana?

Amsa: Ba lallai ya hana ki mallakar makaranta ba, amma ki ɗauki malama mai takardar koyarwa ta NCE. A garin da ya daɗe yana yaye malamai a makarantar horar da malamai ta Gyallesu, ba ki da uzuri.

Tambaya: Idan na cika takardu, yaushe kuɗin za su fito?

Amsa: Ana iya yin watanni, ana kuma iya ƙin ba ki. Kada ki kira magini, kada kuma ki yi wa malamai alkawarin ƙarin albashi, sai kin ga kuɗin a cikin asusu.