Waiwaye: Yadda rigimar gina gidan mai kusa da gidaje ta samo asali

A farkon zamanin mota, a kantin magani da shagunan kayan ƙarfe ake sayen fetur, cikin gwangwani. A 1888, lokacin da Bertha Benz ta yi doguwar tafiyar farko da mota a Jamus, a wani kantin magani na garin Wiesloch ta tsaya ta sha mai. Sai a 1905 aka gina wuri na musamman don sayar da mai a St. Louis ta Amurka, a 1913 kuma kamfanin Gulf ya buɗe irin wanda direba ke shiga har gaban famfo a Pittsburgh. Nan da nan 'yan kasuwa suka gane cewa ribar tana kan kwana, inda hanyoyi biyu suka haɗu. Kan kwana kuwa da wuya a rasa gidan wani a jikinsa.

Doka daga baya ta biyo. Birnin New York ne ya fara cikakken tsarin raba gari shiyya-shiyya a 1916: nan na zama, can na kasuwanci, can kuma na masana'antu. Masu filaye suka ce an tauye musu haƙƙi, har magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler. A 1926 kotun ta yanke cewa hukuma na da ikon hana mutum yin abin da ya ga dama da filinsa domin lafiyar jama'a. Sai dai a garuruwa da yawa ba a haramta gidan mai kusa da unguwa kai tsaye ba. An bar ƙofar neman izini na musamman, bisa sharaɗin a ba da tazara daga makaranta ko asibiti, a kuma saurari maƙwabta. Ta wannan ƙofar kusan duk rigimar take shigowa har yau.

Da fari, kukan maƙwabta bai wuce tsoron gobara, hayaniya, cunkoson motoci da hasken fitilu cikin dare ba. Abin da ya fi muni yana ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ke ganinsa. Tsofaffin tankunan ƙarfe da aka binne suna tsatsa, su riƙa yoyo a hankali, man ya gangara har ya tarar da ruwan rijiya. Majalisar dokokin Amurka ba ta ɗauki mataki a kai ba sai a 1984, hukumar kare muhalli ta fitar da ƙa'idoji a 1988, aka ba masu tsofaffin tankuna wa'adin shekara goma. Duk da haka, a 1996 birnin Santa Monica na Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan sha, saboda wani sinadarin da ake haɗawa da fetur ya gurɓata su.

Akwai kuma tururi. Idan tanka ta zo juye mai, iskar da ke cikin tankin ƙasa sai ta fita ta dogayen bututun nan da ake kafawa a jikin katangar baya, kuma sau da yawa bayan katangar tagar ɗakin kwanan wani ce. A cikin tururin akwai wani sinadari mai suna benzin, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar yana haddasa sankarar jini. Direba minti biyar zai yi ya wuce. Yaron da ke bayan katanga a nan yake kwana, a nan yake tashi.

Tsoron gobarar ma ba shaci-faɗi ba ne. Ranar 3 ga Yunin 2015, ana ambaliya a Accra, jama'a suka fake a rumfar wani gidan mai, man ya bi ruwa ya kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. A 2021 kuma garin Petaluma na Kalifoniya ya zama na farko a Amurka da ya hana gina sababbin gidajen mai baki ɗaya, bayan doguwar taƙaddama kan wani da aka so kafawa kusa da makarantar firamare.

Mai gidan mai shi ma yana da hujjarsa: filinsa ne, takardunsa sun cika, zai ɗauki ma'aikata. Wani lokacin ma shi ya riga zuwa, gidajen ne suka tarar da shi. Abin da ba na yarda da shi, shi ne yadda ake mayar da filin zama na kasuwanci a ofis ba tare da sanin kowa ba. Hukumar mai ta duba tanki da famfo ta sa hannu, hukumar tsara birane ta duba taswira ta sa hannu, maƙwabci kuwa sai ya wayi gari ya ga ana haƙa rami. A lokacin an riga an kashe kuɗi, ko an je kotu da wuya a sa mutum ya tono tankin da ya binne.