Kafin a kawo maka ɗan koyo mai nakasa, kai ma sai an zaunar da kai

Shirye-shiryen koya wa masu buƙata ta musamman sana'a ba su yi ƙaranci ba a Najeriya. Gwamnati na yi, ƙungiyoyi na yi, 'yan siyasa ma na yi idan zaɓe ya ƙarato. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an kai matashin shago ko ofis. Wata biyu ka koma, ba ya nan. Ka tambayi maigida ya ce yaron bai iya ba. Ka samu yaron a gida ya ce tun da ya je ba a taɓa miƙa masa aiki ba, kujera aka ba shi a bakin ƙofa, da yamma a damƙa masa kuɗin mota. Mu da ke aikin kula da masu nakasa a cikin unguwanni mun ga irin wannan har mun gaji, kuma sau da yawa ba laifin ɗan koyon ba ne, ba kuma mugunta ce daga maigida ba. An shirya ɗalibi ne, an manta ba a shirya malaminsa ba.

Don haka wannan jawabi naku ne, teloli, masu gyaran waya, masu walda, masu shagon kwamfuta, shugabannin sashe a ma'aikatu, da duk wanda za a ce masa ga mutum nan ka koya masa aiki. Kafin ranar farko ya kamata a zauna da ku, ko da na yini ɗaya ne, a tattauna abubuwan da ke tafe.

Farkon abin da muke cewa a irin wannan zama shi ne ka tambayi mai shi. Kada ka tambayi wansa da ya rako shi, kada ka tambayi jami'in da ya kawo shi alhali yana tsaye a gabanka. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana rayuwa da makanta ya fi kowane likita sanin yadda yake gane kuɗi, yadda yake hawa mota, da abin da ke ba shi wahala. Ka ce masa: "Malam, wane abu ne zai sauƙaƙa maka aiki a nan?" Amsar takan ba mutane mamaki saboda arharta. Wani tebur kawai yake so a rage wa tsayi. Wani so yake a daina sauya wa almakashi da zare wurin zama, domin da hannu yake nemo su. Zabiya kuma, wanda mafi yawansu ganinsu ba shi da ƙarfi kuma rana na ƙona musu fata har ta iya kai su ga ciwon daji, inuwa yake buƙata da rubutu manya-manya.

Babban abin da ke kashe koyo shi ne tausayi. Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, tunda an rene mu a kan jinƙan mai rauni, kuma hali ne mai kyau. Amma a wurin aiki, idan ka ga yarinya mai shan inna tana fama da zaren keke ka karɓe ka zura mata, gobe ma kai za ka zura. Idan ɗinkinta ya karkace ka ce ba komai, alhali da wata ce sai ta warware ta sake, ka cuce ta, domin ranar da ta buɗe nata shagon kwastoma ba zai ce ba komai ba. Ma'aunin ingancin aiki ɗaya ne ga kowa. Abin da ake sassautawa shi ne hanyar kaiwa gare shi: ƙarin lokaci, keken ɗinki na hannu ko na lantarki maimakon na ƙafa, wurin zama da ya dace da jiki.

Sai yadda ake koyarwar kanta, kuma nan ne ƙwararru suka fi tuntuɓe. Wanda ya shekara goma sha biyar yana sauya gilashin waya ya manta cewa aikin matakai ne da yawa. Hannunsa ne ke yi, ba ya ma tunani. Sai ya nuna sau ɗaya da sauri ya ce to yi mu gani. A zaman shiri mukan sa maigida ya faɗi aikin da bakinsa daki-daki, daga kashe waya, cire sim, ɗumama gefen gilashi, har zuwa gwaji, a rubuta ko a ɗauki hoton kowane mataki a manna a bango. Wannan hanya ta samo ƙarfi a Amurka a shekarun 1970, inda wani mai bincike, Marc Gold, ya koya wa masu jinkirin fahimta haɗa birkin keke ta hanyar rarraba aikin ƙanana-ƙanana, mutanen da a lokacin ake ganin ba za su iya komai ba. Daga irin wannan aiki ne aka gane cewa gara a kai mutum ainihin wurin aiki a koya masa a can, da a ajiye shi shekaru a aji ana cewa ana shirya shi. Ka nuna mataki ɗaya, ka bar shi ya yi, ka yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya. Idan ya tsaya, ka ba shi ɗan lokaci kafin ka yi magana. Idan magana ta isa, kada ka kai hannu. Kamar koya wa yaro keke ne, wanda bai saki sirdi ba bai koyar ba. Kowane mako ka ɗan ja baya, har ya zama kana can ƙarshen shago yana aikinsa.

Game da kurame, akwai kuskuren da ake yawan yi. Ɗaga murya ba ya amfani. Ka fuskance shi, haske na kan fuskarka, ka nuna da hannu. Kuma kada ka ɗauka duk kurma maganar hannu ɗaya yake yi. Wanda ya yi makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano yakan iya ta makaranta, wadda asalinta daga ta Amurka ne, wanda kuwa ya tashi a gari yana yin maganar hannu ta Hausa da ya koya wurin 'yan'uwansa kurame. Ba kowane ne kuma ya iya karatu ba, don haka ka gwada kafin ka dogara da saƙon waya. Makaho a ofis kuwa ba ya buƙatar wani ya zauna yana karanta masa: akwai manhajar NVDA da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta, kyauta ce, wayoyin Android kuma suna zuwa da TalkBack. In za ka yi masa jagora, ka bari shi ya riƙe gwiwar hannunka, kada ka ja sandarsa.

A matsayina na ma'aikacin lafiya, ɓangaren da ba na yarda a tsallake shi ne na kariya. Mai farfaɗiya yana iya aiki sarai idan yana shan maganinsa, sai dai ba a ɗora shi kan tsani, bakin wuta ko injin da ba shi da murfi. Idan ta tashi, a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, jijjigar na lafawa a juya shi gefe guda. Ba a cusa cokali a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa ruwa. Idan ta wuce minti 5, asibiti. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, wannan camfi ya sa an sha guje wa mutum yana kwance. Wanda ya warke daga kuturta ba ya yaɗa ta, amma yatsunsa na iya rasa ji, ya riƙe ƙarfe mai zafi ko dutsen guga bai sani ba, don haka safar hannu da duba hannuwa kullum wajibi ne. Kurma ba ya jin ihun gobara, a sa mutum takamaimai da zai taɓa shi. Mai keken guragu kuma a duba masa banɗaki tun kafin ya zo. Na ga waɗanda suka bar aiki mai kyau saboda wannan kaɗai, sun kuma ji nauyin faɗa. In za a yi gangara a ƙofa, kowane tsayin taku 1 yana son tsawon taku 12. Wadda ba ta kai wannan tsawo ba haɗari ce.

Kada a manta da sauran yaran shago. Su ne zai yini da su. Idan maigida ya kira shi da sunansa, su ma za su kira. Idan ya bari ana ce masa gurgun nan, magana ta ƙare. Sirrin ciwonsa kuma nasa ne, ba a baza shi sai da izininsa.

Akwai kuma doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a farkon 2024, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, da naira miliyan 1 ga kamfani, idan aka same su da nuna wariya. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu nakasa. Duk wanda ya shiga ofisoshinmu ya san aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma dokar tana nan.

Tun ranar farko a yi maganar kuɗi a fili, gaban shaida: wata nawa ne koyo, nawa ne na mota, yaushe zai fara karɓar ladan aikinsa kamar sauran. Ƙungiyar da ta kawo shi ta bar lambar jami'in da za a kira idan wani abu ya taso, ta kuma sa ranar da za ta dawo duba su. In ba ta yi ba, maigida ya nema kafin ya karɓi ɗan koyon.