Takardar tambayoyin ake gwadawa, ba ku ba

Duk ma'aikacin asibiti ya san wannan: ka tambayi dattijo "Baba, yaya jiki?" ya ce "Da sauƙi, alhamdulillahi," alhali da kyar ya tako daga bakin ƙofa. Ladabi ne da tawakkali. Amma idan mai bincike ya rubuta "da sauƙi" a takardarsa, Baba ya shiga lissafin waɗanda suka warke ke nan.

Shi ya sa kafin a fita da takardar tambayoyin bincike ake fara zama da marasa lafiya kaɗan, a karanta musu tambaya ɗaya bayan ɗaya, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Ko babban binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018, sai da aka mayar da tambayoyinsa Hausa da Yarbanci da Ibo, aka gwada su, sannan aka shiga gidaje.

Fassara kaɗai ba ta isa ba. A irin wannan zama na taɓa tambayar wata baiwar Allah ko tana fama da sanyi. Ta ce sosai ma, tun shigowar hunturu. Mu kuwa ciwon sanyi na mata muke nufi! Haka kalmar "damuwa": likita ciwon da ke hana barci da cin abinci yake nufi, mai amsa kuwa tsadar masara ce a ransa. Akwai kuma tambayar nan ta a auna zafin ciwo daga 0 zuwa 10, wadda ni kaina ban ga amfaninta ga tsohuwar da ba ta saba da lamba ba. Ita ce za ta gaya mana yadda ake faɗa: yana suka, yana zugi, ko ya hana ta sujada.

Wata tambayar kuma kunya ke kashe ta. Mace ba za ta amsa zancen haila a gaban surukarta ba, kuma sai mata sun faɗa muke sanin a canja wurin zama ko a turo mace.

Don haka idan aka gayyace ku, ku zo. A wannan zaman ba allura, ba ɗibar jini. Kuna da damar ƙi, ko ku tashi a tsakiya, kuma ba za a hana ku magani ba. In tambaya ta yi tsawo, ko ta yi nauyi a baki, ku ce, "Malam, mu ba haka muke faɗa ba," mu kuma mu ɗauki biro mu gyara.