Ciwon Ɓarin Kai: Maganin da Ake Sha Kafin Ya Taso

Wanda ke fama da ciwon ɓarin kai ya san yadda yake: gefe ɗaya na kai yana sara kamar ana buga masa guduma, ga tashin zuciya, hasken taga ma ba a son gani, sai a ja labule a kwanta. Idan haka na faruwa kwana 4 ko fiye a wata, a je wurin likita a nemi maganin rigakafi.

Kafin zuwa, a samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da ciwon ya taso da ƙwayar da aka sha. Wannan lissafi yana tona wata matsala da ta yi yawa: shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko tramadol da kodin kwana 10, shi kansa yana mayar da ciwon na kullum. Sau da yawa sai an rage su kafin rigakafi ya kama.

Magungunan farko suna da araha. Amitriptyline ana fara shi da miligiram 10 da dare, yana sa barci da bushewar baki. Propranolol bai dace da mai asma ba. Topiramate ana farawa da miligiram 25 a ƙara a hankali zuwa 100 a rana, yakan sa yatsu su yi zir-zir, kuma ana bukatar shan ruwa sosai saboda tsakuwar ƙoda. Shi da valproate, wani maganin rigakafin, suna cutar da ɗan tayi, don haka mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun farko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Mutum ya sha mako biyu ya ce bai yi aiki ba. Magani na bukatar wata biyu zuwa uku, kuma idan ranakun ciwo sun ragu da rabi, an ci nasara.

Ga wanda ya gwada biyu ko uku ba su yi ba, akwai sababbi. A 2018 Amurka ta amince da erenumab, allurar ƙarƙashin fata sau ɗaya a wata, miligiram 70 ko 140. Tana toshe aikin wani sinadari mai suna CGRP da ke tayar da ciwon. Takan kawo taurin bayan gida. Fremanezumab, wata allurar da ita ma ke toshe CGRP, ana iya yin ta duk wata uku. Atogepant ƙwaya ce ta kullum. Mai ciwon kai kwana 15 a wata kuma ana yi masa allurar Botox a wurare 31 na kai da wuya, duk mako 12.

Waɗannan suna da tsada, kuma likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ya kamata ya rubuta su. Allurar toshe CGRP a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kada ta daskare, kuma kada a sayi wadda ta kwana a kan kantar shago cikin zafi.